Ladan da Ya Cinye Ƙafar Baba

Na daɗe ina son rubuta wannan, haushi yana hana ni. Duk sanda na ɗauki biro sai in ga abin da zai fito zagi ne, kuma waɗanda zan zaga dangina ne, wasunsu ma sun goya ni. Har yanzu haushin bai sauka ba, amma na ga gara in rubuta da shi a haka, don duk mai majinyacin suga a gida ya san abin da ke jiransa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri, ya shiryi masu zuwa dubiya. Addu'ar ƙarshen nan ita na fi yi da gaske.

Mahaifinmu mutumin Roni ne, tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya koma gonarsa. Ba mai kuɗi ba ne, amma hannunsa ba ya riƙe abu. In kaka ta yi, bayan ya fid da zakka, sai ka ga amalanke yana zagaya gari da damman gero, gidan tsohuwar da ba ta da kowa, gidan marayu, gidan wanda ruwa ya cinye wa gona. Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce in ba a sa ido ba wata rana ƙyauren gida zai cire ya bayar. Halinsa na biyu shi ne bai taɓa mayar da kyauta ba. Ko ɓarin goro ka miƙo masa zai karɓa da hannu biyu, ya sa a baki a gabanka. Yakan ce wanda ya kawo maka abu lada yake nema, in ka ƙi karɓa ka tare masa hanya. Muna yara abin yana burge mu.

Ciwon suga ya kwana biyu a jikinsa. Yana shan ƙwayarsa, ya bar siga a shayi, matar yayana Kabiru tana yi masa tuwon alkama da miyar ganye. Ni ina Kazaure, inda nake aure kuma nake koyarwa a firamare, nakan leƙo su ƙarshen mako. A haka muke lallaɓawa har lokacin cirar gyaɗar bara. Ya shiga gona da silifa, tushiyar kara ta soke shi a tafin ƙafar hagu, bai ma sani ba. Sai a wajen alwala wani ya nuna masa jini. Ya wanke, ya barbaɗa garin bagaruwa, ya ɗaure da tsumma, ya hana kowa ya gaya mini.

Ranar da na zo, tun daga zaure hancina ya ba ni labari. Na sa aka kwance tsumman. Ƙafar ta kumbura har tana sheƙi, bakin ciwon ya yi fari-fari, wani ruwa mai wari yana tsattsafowa. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba da ke aure a Gwiwa, ta riga ni zuwa, har ta gama yanke hukunci.

"Daji ne," in ji ta. "Kada wanda ya kuskura ya kai Yaya inda za a yi masa allura. Daji ba ya son ƙarfe."

"Gwaggo, suga ne fa da shi."

"Ke Uwani, muna ganin ciwo tun kina zanin goyo."

Ban ja da ita ba. Na fita na samo mota, ni da Yaya Kabiru muka kinkimi Baba muka sa a ciki, muka nufi Kazaure tana bin mu da faɗa har bakin titi.

Wanda bai yi layin asibiti da tsoho ba bai san tsawon wuni ba. Layin yankar kati daban, na ganin likita daban, na gwajin jini daban, kuma duk inda ka je sai a ce ka koma inda ka baro. Mun shiga da hantsi, ba mu samu gado ba sai da aka kira la'asar. Likitan matashi ne marar yawan magana. Ya daɗe a sunkuye a kan ƙafar, sannan ya ja ni gefe.

"Malama, ƙafar nan za ta iya tsira," ya ce. "Amma ki riƙe magana ɗaya. Ba ƙafa muke jinya ba, baki muke jinya. In suga ya sauka, nama zai tsiro. In bai sauka ba zan tura ku Kano, can kuma wuƙa ce."

Satin farko shi ne mai daɗin, in har jinya tana da daɗi. Na ɗauki hutu a makaranta ina wuni, Yaya yana kwana. Kullum da safe a wanke ciwon, a kankare mataccen nama, ni kuwa ina riƙe da tasa ina kau da kai. Auduga, bandeji, ruwan wanki, allurar suga, tsinken gwaji, babu wanda ake bayarwa a kyauta. Albashina ya ƙare kafin sati ya zagayo, Yaya ya sayar da gyaɗar tun ba ta gama bushewa ba, a farashin da ɗan kasuwa ya ga dama. Ba mu damu ba, don muna ganin aiki. Kumburin ya saɓe, warin ya ragu, wani jan nama ya fara leƙowa daga gefen ciwon. Har likita sai da ya yi murmushi.

A sati na biyu labari ya kai gari.

Mutane suka fara ɓullowa daga Roni, daga Gwiwa, daga Babura, wasu a acaba, wasu mota guda suke cikawa. Ba wanda yake zuwa hannu wofi, don ai kunya ce ka je duba Malamin Gona ba ka riƙe da komai. Lemon kwalba, lemon gwangwani, madara, biskit, ayaba, rake, zoɓo, kunun gyaɗar da aka narka wa siga har yana danƙo. Ƙarƙashin gado ya cika, kiyashi suka yi hanya daga taga, ƙudaje suka samu wajen biki tsakanin kayan daɗi da ƙafar Baba. Da ajiyewa kawai suke yi su tafi da na gode musu, don na san inda zan kai. Amma mutanenmu ba sa ajiyewa. Sai sun ce a ɗan taɓa.

Kalmar nan, in na ji ta yanzu, tsigar jikina tashi take yi. Ɗan taɓa. Mai kawo abu ba ya ganin kyautarsa ta karɓu sai ya ga an buɗe an sa a baki, kamar mala'iku ba za su rubuta ba sai maƙogwaron majinyaci ya motsa.

Alhaji Mamman aminin Baba ne, babban ɗan kasuwar hatsi a Babura. Ya shigo da babbar riga, turarensa ya danne warin ɗakin na ɗan lokaci. Bayan gaisuwa ya zaro gwangwani daga katan ɗin da ya zo da shi, ya fasa da kansa, ya miƙa.

"Malam, ɗan taɓa in samu lada."

Na durƙusa na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, likita ya hana shi zaƙi."

"Allah sarki, 'yata. Kurɓa ɗaya? Wannan ai na ƙarin jini ne, daga Nijar na sa aka kawo, da sefa aka saya."

Ban san abin da ya haɗa sefa da suga ba. Na buɗe baki zan ƙara magana, Baba ya ɗaga mini hannu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, bar shi. Kada ki tare masa hanya."

Ya yi bisimilla ya kafa kai. Alhaji ya tsura wa maƙogwaronsa ido kamar yadda yake tsura wa mai awo a kasuwa, yana cewa, "Ƙara kaɗan, ƙara kaɗan," har aka yi rabin gwangwani. Sannan ya yi hamdala, ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta, ya kaɗe riga ya yi sallama. Ƙafar da ta kwantar da amininsa tana nan a lulluɓe a gabansa, ko tambayar yadda take bai yi ba.

A wajen kowa kurɓa ɗaya ce. Kowa tasa kurɓar kaɗai ya sani, ba ya ganin ta wanda ya fita kafin shi, ba ya ganin ta wanda ke jira a baranda. Ni ce kaɗai nake ganinsu duka, daga hantsi har magariba, suna shiga cikin tsoho ɗaya. Na gwada tsayuwa a ƙofa ina karɓe kaya. Na roƙi ma'aikatan jinya, suka yi iya yinsu, Allah ya saka musu, amma wa zai kori dattijo mai rawani da ya zo gaishe da ɗan'uwansa? In na je salla a shigo, in na bi layin magani a shigo. Yaya Kabiru kuwa mutumin kirki ne, sai dai da babba ya dube shi harshensa ya mutu. In na dawo na tarar da kwalba a buɗe, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Uwani, ya zan yi? Kawu ne fa."

Ana cikin haka Gwaggo ta sauka da galan ɗin zuma. Ta huce da maganar allura, ta zo da sabuwar fatawa.

"Zuma ba siga ba ce," ta ce, tana cika cokali. "Waraka ce, Allah da kansa ya faɗa. Ko shi ma za ki ce likita ya fi shi sani?"

Wannan ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Baba ya lashe cokalin, ya sa mata albarka. Da yamma na biya wajen malamin Islamiyyarmu na tambaye shi. Ya ce lallai akwai waraka a zuma, amma ba kowane magani ne na kowace cuta ba, kuma babu lada a cikin abin da zai cutar da majinyaci, komai kyawun niyya. Washegari na isar wa Gwaggo cikin ladabi, na ɗauke galan ɗin. Ta fashe da kuka a tsakiyar ɗakin maza, ta yi mini wankin babban bargo, ta tafi. Kafin kwana biyu magana ta zagaye dangi: wai boko ya sa na raina zumunci, na mayar da Baba ɗan fursuna, kuma kayan dubiyar da nake karɓewa gidan mijina nake kaiwa.

Wannan ta ƙarshen ta tsaya mini a wuya har yau. Kayan nan ɗakin yara na asibitin nake kaiwa, in raba wa iyayen da ke kwana a tabarma, sauran in ba masu shara. Ko bambaron lemo bai shiga gidana ba. Ina wanke ruwan ciwo da hannuna, ina bin mahaifina da fo, amma abin da dangina suka iya hangowa shi ne ina satar biskit. Tun daga nan duk wanda ya shigo da leda sai in ji ƙyamarsa, ko da wanda nake ganin girmansa ne.

Mutum ɗaya zan cire. Malam Jauro Bafulatani ne daga wata ruga a bayan Roni, wanda Baba yake bar wa karan gona duk shekara shanunsa su ci. Ya zo da ƙwaryar fura da nono lulluɓe da faifai. Na tare shi a baranda na yi masa bayanin da na gaji da yi, ina jiran a ce mini kurɓa ɗaya. Sai ya dubi ƙwaryar.

"To, 'yar Malam," ya ce, "shi me ke nan yake so?"

Cikin duk taron nan shi kaɗai ya yi wannan tambayar. Na ce ba ya son komai sai addu'a da mai kore masa ƙuda. Ya juya ya kai furar gindin bishiya inda masu jinya ke zaune, ya ce su sha, ya dawo hannu wofi. Ya karɓi mafici ya zauna a ƙasa daidai ƙafar nan da kowa ke kau da kai daga gare ta, yana fifita har la'asar. Bayan nan yakan zo duk sanda ya samu mai tsaya masa a shanu, wani lokacin shi yake karɓar tasa daga hannuna in je in sha iska. Allah ya saka masa da Aljanna.

A sati na uku abin da aka shuka ya fito. Duk safiya aka gwada jini sai ma'aikaciyar ta dube ni ta girgiza kai. Jan naman da muka yi murna da shi ya koma toka-toka, ƙaramin yatsa ya fara baƙi, na kusa da shi ya bi. Warin ya dawo fiye da na farko, har mai gadon kusa da mu ya roƙi a matsar da shi. Da likita ya zo zagaye, sai ya sunkuya ya jawo wani fankon gwangwani daga bayan ƙafar gado ya ɗora a kan durowa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Baba," ya ce, "kana son ƙafar nan kuwa?"

"Ta Allah ce, likita."

Likita ya dube ni, ya wuce gado na gaba.

Ranar bayan azahar ɗakin ya yi shiru, na jawo kujera na zauna daf da kansa. Tunda nake ban taɓa yi wa mahaifina magana da irin muryar da na yi ba.

"Baba, kwaɗayi ne? In kwaɗayi ne ka gaya mini, in san da abin da nake faɗa."

Ya ɗan murmusa. "Uwata, ko ɗanɗanonsu ba na ji. Bakina ɗaci yake tun da muka zo."

"To don me kake sha?"

Ya dubi rufin ɗaki. "Tunda na yi wayo ba a taɓa zuwa ƙofata an koma haka nan ba. Yanzu ga ni kwance. Ba gero, ba aljihu, ko tashi in raka baƙo ba na iyawa. Mutum ya baro kasuwarsa, ya hau mota tun daga Babura, yana neman lada a wajena. Me ya rage mini in ba shi? Bakin nan ne kaɗai."

Na san ana so in ce maganar ta sanyaya mini zuciya. Ba ta sanyaya ba. Na fita bayan ɗakin na yi kuka, kuma na takaici ne. Takaicin mutanen da suka samu mai kirki a kwance suka yi layi kowa yana ɗibar rabonsa, da takaicin shi kansa da ya san ciwon da ke cinsa, ya ji abin da likita ya ce, amma ya zaɓi ya yi sadaka da naman jikinsa. Na share fuska na koma.

"Ni fa, Baba? Ni ba na neman ladan? Kowa ka buɗe masa hanya, ni ka tare tawa. Nawa ladan shi ne in ga ka taka ƙasa da ƙafarka."

Ya ce, "Na ji, Uwata."

Ya kuwa gwada. Da wani ɗan'uwanmu ya zo da yamma ya ce a ɗan taɓa, Baba ya karɓi kwalbar da hannu biyu ya ce, "Ajiye mini, sai an jima." Na ga yadda maganar ta yi masa nauyi, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ci gaba da yin hakan a kwanakin da suka biyo, sai dai an makara. Baƙin ya wuce yatsu ya hau gadon ƙafa, zazzaɓi ya rufe shi, ya fara magana da Innarmu da ta rasu. Likita ya ce mu tafi Kano.

Kano wata duniyar ce. Mun wuni a baranda a kan gadon turawa kafin a samu wuri, kuma duk abin da muka kashe a Kazaure ya zama wasa. Yaya ya sayar da bijimin huɗa, mijina ya kawo abin da yake tarawa na gyaran ɗaki. Likitocin suka duba suka ce daga ƙasan gwiwa za a cire, kuma ba za a shiga da shi ba sai an samu jini, don nasa ya yi ƙasa sosai. Yaya ya bayar, ni aka ce nawa bai isa ba. Saura da yawa. Na ce a raina yanzu za mu ga masu neman lada, ai jini ba a sayar da shi a katan.

A nan dole in faɗi gaskiya, ko da ba ta yi wa haushina daɗi ba. Yaya ya buga wa limamin unguwarmu waya, aka yi sanarwa bayan sallar asuba. Kafin azahar bas ta tsaya a ƙofar asibitin cike da mutanen Roni. Manoma ne da suka bar dawa a yashe a gona, wasu 'ya'yan tsofaffin nan ne da amalanken Baba yake tsayawa a ƙofarsu, wasu marayun da suka girma. Suka yi layi suna naɗe hannun riga, har da waɗanda na san suna tsoron allura kamar me. Alhaji Mamman ne ya ɗauki nauyin motar, kuma shi ne a gaban layi. Da aka ce ba za a ɗauki nasa ba saboda hawan jini, sai da ya yi musu har aka ba shi haƙuri. Jinin da aka samu ya ishi Baba har ya yi saura, aka ce an ƙara wa wata mai haihuwa da ba mu san ta ba. Gwaggo tana can gefe a tabarma, da azumi a bakinta, tana jan carbi tana hawaye.

Na tsaya ina kallon hannuwan nan da aka manna wa auduga. Su ne dai hannuwan da suka fasa gwangwanaye. Na gode musu ɗaya bayan ɗaya, da zuciya ɗaya na gode, kuma ko a lokacin ban daina jin haushinsu ba. Ban san mutum zai iya ɗaukar abu biyun nan tare ba sai ranar.

Aka yi aikin lafiya. Aka miƙo mana ƙafar a naɗe, Yaya da Malam Jauro suka sa ta a farin ƙyalle suka kai maƙabarta suka binne. Da Baba ya farfaɗo ya dubi inda bargo ya faɗa, ya yi salati. Maganar farko da ya yi mini ita ce, "An ba mutanen Roni abinci?"

Cikin masu dubiyar ba wanda ya ce, "Laifinmu ne." Ko mutum ɗaya. Duk wanda ya shigo sai ya ce ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara ce, kuma na yarda ƙaddara ce, amma ƙaddarar nan na ga masu buɗe mata kwalba. Gwaggo da ta leƙa ta ga dungulmin sai ta riƙe haɓa ta ce, "Da ma na faɗa, daji ne. Ƙarfe ya taɓa shi." Ban tanka ba, don in na tanka ba za mu ƙara gaisawa ba har abada. Ana haka wani ya sake shigowa da katan, wai na mayar da jini. Na karɓa a ƙofa na ajiye a waje, na ce in yana son lada ga tasa can tana jiran mai wankewa. Ya ce mota za ta tashi ta bar shi.

Ba kyauta nake zagi ba. Na ga amfaninta da idona a ƙofar asibitin Kano, na ga geron da aka bayar shekara da shekaru ya dawo a jijiyar mutane, kuma ina sa rai abin da Allah ya ajiye wa Baba ya fi wannan. Abin da nake roƙon mai karanta wannan shi ne, in za ka je dubiya, ka tambayi mai jinya abin da ake buƙata. Wataƙila bandeji ne, wataƙila mai karɓar ta ne ta je ta yi wanka, wataƙila zama ne kawai. Kyautar da ba za ka samu natsuwa ba sai ka ga an haɗiye ta a gabanka, kanka ka yi wa, ba majinyaci ba. Kuma ka sani akwai tsofaffin da sun gwammace su mutu da su ce maka a'a.

Yanzu Baba yana gida. Ranar sallama likitan Kano ya ce mana mu tsare ta daman kamar ƙwai, don ciwon da ya ci waccan yana nan bai tafi ko'ina ba. Duk Asabar nakan hau acaba in je Roni, in wanke ƙafar, in shafa mata mai, in duba ta yatsa-yatsa. Yaya ya koyi cewa a'a, ko da yake sai ya sunkuyar da kai yake faɗa. Mutanen unguwa sun sayo keken turawa, sun gyara dakalin masallaci yadda zai hau, kuma sun raba wa junansu ranakun tura shi salla. Ranar Juma'a har gardama ake yi a kan wanda zai tura. Na gode musu da wannan, Allah ya sani.

Asabar ɗin da ta wuce na tarar da shi cikin walwala. Matar Yaya ta ce jiya sun daɗe a ƙofar masallacin Juma'a, mutane suna ta zuwa gaishe shi. Na ɗauko rigar da ya sa zan wanke, na zura hannu a aljihu kamar yadda na saba, na ji wasu abubuwa masu tauri. Ƙwallayen dabino ne, an tsotse su tas, sun cika mini tafin hannu. Da ya so da ya zubar a hanya, amma Baba bai iya ɓoye abu ba.

Na kai masa su zaure, na buɗe hannuna a gabansa. Ya duba, ya sunkuyar da kai.

"Tsofaffi ne, Uwata. Guda-guda suka ba ni."

Na zube su a ƙasa, na durƙusa na cire masa safa, na ɗora ƙafar a cinyata na fara buɗa yatsun. A tsakanin ƙaramin da na kusa da shi akwai wani ɗan ja da babu shi wancan satin. Na sa babban yatsana na danna da ƙarfi.

"Baba, ka ji zafi a nan?"

Ya ce, "A ina?"